Hannun Eliezer, Sunan Josue

A shekarar 1995, cikin watan Fabrairu, ana tsakiyar saran rake, Don Teofilo Brookes ya fara ganin Eliezer Gumbs. Ranar Asabar ce. Tsohon ya zo share harabar cocin unguwar ma'aikatan rake da ke bayan San Pedro, ya tarar awaki uku sun shiga suna cin furannin da matan coci suka shuka. Kafin ya ɗaga tsintsiya sai ya ji wani abu ya wuce ta gefen kunnensa, akuyar gaba ta yi tsalle ta yi waje. Na biyu ya wuce, na uku ya wuce, kowanne ya sami tasa akuyar a cinya. Da ya waiwaya sai ya hangi wani siririn yaro a bakin hanyar jirgin rake, aljihunsa cike da ɗanyen lemun tsami. Don Teofilo ba ya yarda da kintace, don haka ya auna tazarar da ƙafarsa. Taku arba'in da ɗaya.

"Kai ɗan gidan wa?"

"Ɗan Doña Ramonita mai wanki. A sa mini albarka, Don."

"Allah ya yi maka albarka. Wa ya koya maka jifa?"

"Awaki, Don."

Shekarun yaron goma sha uku babu wata ɗaya, na tsohon sittin da huɗu. A makarantar mishan Don Teofilo ya yi karatu, zamanin da ake dukan yatsun yaro in ya rubuta wasiƙa bai sa kwanan wata ba, kuma wannan horon bai sake shi ba har tsufa. Ya yi shekara talatin da takwas yana gyaran injin matse rake. Da ƙuruciya shi ne mai cafe ƙwallo a ƙungiyar wasan ƙwallon gora ta masana'anta, wanda ke tsugunawa bayan mai gora yana tarbar abin da mai jifa ya aiko, shi ya sa yatsunsa uku suka karkace. Da ya ajiye aiki sai Fada ya danƙa masa makullin coci da littafin baftisma.

A San Pedro yaro ko dai ya iya jifan ƙwallo, ko ya iya dukanta da gora, ko ya yi ta saran rake har bayansa ya lanƙwashe. Don Teofilo ya tara ƙasa a bayan coci ya yi ɗan tudun jifa, ya ciro tsohuwar safar hannunsa ta fata, ta cafe ƙwallo, daga akwati. Shekara biyu yana koya wa Eliezer cewa da cinya da ƙugu ake jifa, hannu rakiya kawai yake yi. Tsakuwa sittin yake zubawa a aljihun dama. Duk jifa ɗaya sai ya mayar da guda aljihun hagu, in dama ya ƙare an tashi ke nan, ko da yaron zai yi kuka.

Da Eliezer ya cika goma sha biyar sai Chepe ya zo. Chepe yana cikin masu kiwon 'yan wasa, waɗanda ke tara yara a gida ɗaya, su ciyar da su, su horar da su, su nuna su ga wakilan ƙungiyoyin Amurka. Ya tsaya da motarsa da sarƙar wuyansa ya kalli jifa biyar, ya tofar da tsinken da ke bakinsa.

"Don, kai ka koya masa addu'a, ni zan koya masa cin nama. Dubi haƙarƙarinsa, kamar allon wankin uwarsa."

"Sittin a rana," in ji tsohon. "Kada ya wuce."

"To, Fada, an ji huɗuba."

Doña Ramonita ta yarda, domin a gidan Chepe sau uku ake cin abinci. Kafin shekara ta zagayo wata ƙungiya ta yi alkawarin baka. Kowa ya san ƙa'ida: ranar biyu ga Yuli ake sa hannu a takarda, yaro kuma sai ya cika goma sha shida. Wannan shekarar ita ce kasuwarsa. Wanda ya kai goma sha takwas ba a ɗauke shi ba, tsoho ake kiransa, ana faɗa a gabansa.

A gidan Chepe babu mai ƙirga tsakuwa. Duk baƙon da ya zo da bindigar auna gudu, wato na'urar da ake nuna wa ƙwallo ta faɗi saurinta, sai an fito masa da Eliezer. Akwai kuma abin da kowane yaro ya haddace ba tare da an koya masa ba: ba a cewa hannu yana ciwo. Wanda ya faɗa, labari zai kai kunnen wakilai kafin ya rufe baki. Gwiwar hannun Eliezer ta fara zugi tun Afrilu. Ya yi shiru mako uku, sannan ya raɗa wa Chepe. Chepe ya kai shi bayan gida ya yi masa irin allurar da ake yi wa dawakai da zakarun faɗa, zugin ya kwanta. Ranar sha tara ga Mayu 1998, saura kwana arba'in da huɗu a sa hannu, wakilin ƙungiyar ya zo yi masa kallon ƙarshe. A jifa na goma sha huɗu waɗanda ke kusa suka ji ƙara kamar an karya ɗanyen rake. Ƙwallon ta faɗi a tsakiyar hanya ta gangara. Wakilin ya mayar da bindigarsa jaka, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya shiga mota.

Washegari Chepe ya sauke shi a ƙofar uwarsa da jakar kayansa.

Ƙanensa Josue ne ya yi jinyarsa. Shekara uku ne tsakaninsu, sun yi kama har a tsagar haƙori, sai dai Josue ko akuyar da ke ɗaure ba ya iya samu da dutse. Shi na ɗaya ne a ajinsu, injiniya yake so ya zama. Shi yake ɓalle wa wansa maɓallin riga, shi yake yanka masa rogo a kwano.

"Buɗe baki, mai gidan Amurka, ga jirgin sama ya iso."

"Bari hannun nan ya warke, kai zan fara jifa."

"Ai shi ya sa nake addu'ar ya daɗe."

Don Teofilo bai ce wa kowa ai na faɗa ba. Ya zauna ya rubuta wasiƙa goma sha ɗaya, har ya sami shiga wajen wasu likitoci da ke zuwa babban birni sau ɗaya a shekara ta hanyar coci. A Janairun 1999 aka yi aikin. Jijiyar da ke riƙe gwiwar ce ta tsinke. Suka ciro wata daga hannun hagu, suka huda ƙashi, suka zura ta suka ɗaure. Likitan ya ba tsohon takarda mai shafi huɗu, ya ce wata goma sha takwas, in an bi ta daki-daki hannun zai dawo, in an yi gaggawa kuwa babu jijiya ta uku.

Ba a taɓa ba takarda mutumin da ya fi dacewa da ita ba. Makonni shida na farko miƙe hannu kawai ake koyo, kaɗan-kaɗan, tsohon yana auna kusurwar da ma'aunin da ya rage masa daga wurin aiki. Daga nan aka koma matsa jiƙaƙƙen tawul. Sai gwangwanin madara cike da yashi, sai robar tayar keke da aka ɗaure a ƙarfen tagar coci. Akwai bokitin ɗanyar shinkafa da Eliezer ke cusa hannu ciki har wuyan hannu yana damƙa yana juyawa, Doña Ramonita tana tsaye tana jira a gama ta wanke ta ɗora tukunya, tana cewa ba ta taɓa ganin gidan da ake wasa da abinci kafin a ci ba. Da safe gudu a tsakanin layukan rake, da yamma tausa da man kwakwa. Babu tsoka ko ƙashi a hannun nan da yatsun Don Teofilo ba su sani ba. Sai a wata na biyar aka ba shi ƙwallo, taku goma sha biyar, jifa ashirin, a hankali kamar ana miƙa wa jariri. Ranar Eliezer ya yi kuka, ya ce ƙura ce ta shiga idonsa.

A wata na goma Chepe ya dawo. Ya ji labarin cewa yaron ya kai taku arba'in. Ya ce akwai wakilai biyu da za su zo ƙarshen Nuwamba, kuma Eliezer yana da goma sha bakwai har yanzu.

"Jifa goma kawai, Don. Goma. Su gani da idonsu."

"Takarda ta ce ba ya hawa tudu sai wata na goma sha uku."

"Takarda ta san a Maris zai cika sha takwas? Wanda ya rubuta ta yana can yana shan iska a ƙasarsu. Kai hannu kake jinya, ni kalanda nake kallo."

"Ka yi kallon kalanda a bara, ga abin da ya haifar."

Eliezer yana zaune a kan bokiti yana kallon wannan yana kallon wancan. A ƙarshe ya ce, "Don, ina jin ƙarfi. Na rantse ba ya ciwo."

"Ka taɓa rantse wa wani haka," in ji tsohon. "Ɗauki robarka."

Yaron ya ɗauki robar.

Wata goma sha takwas suka cika a Yulin 2000, ba a tsallake rana ɗaya ba. Hannun ya dawo, ya ma fi da. Zuwa farkon 2001 bindiga tana nuna gudun mil casa'in da ɗaya a awa, ƙwallon tana sauka inda aka sa safa. Filaye bakwai suka je. Ko'ina wakilai sukan miƙe daga kujera a jifa na uku, su matso, su yi tambayar nan guda ɗaya.

"Shekarunka nawa?"

"Sha tara a Maris."

Wani ya ce kash. Wani ya dubi tabon wuƙar ya girgiza kai. Wani mai barkwanci ya ce, "Baba, ina jikokinka?" Mil casa'in da ɗaya a hannun ɗan sha shida zinariya ce, domin zai ƙaru. A hannun ɗan sha tara mai tabo, sun ce abin da aka gani shi ke nan.

A motar haya ta komawa gida Don Teofilo yakan yi ta lissafin watanni da karkatattun yatsunsa. Da ya bari an yi jifa goman nan a Nuwamba, wataƙila jijiyar ta tsinke, wataƙila kuma ta riƙe. Bai sani ba, ba kuma zai taɓa sani ba. Abin da ya sani shi ne ya ceci hannun, watannin da aka kashe wajen ceton kuwa su ne yaron yake da su na sayarwa.

Chepe ne ya kawo shawarar, ranar wata Lahadi bayan an ci shinkafa da wake. Ba sabon abu ba ne, kusan kowace unguwa tana da wanda ya yi. Josue ya cika sha shida a Fabrairu. A kai Eliezer arewacin ƙasar inda wakilai ba su san fuskarsa ba, da takardar haihuwar ƙanensa. Sai dai ƙungiyoyi sun fara turo masu bincike makaranta da coci da gidajen maƙwabta, saboda haka ba zai yiwu a sami Josue biyu ba. Na gaskiyan dole ya bar makaranta, ya riƙe takardar wansa, ya amsa sunan wansa.

Doña Ramonita ta dubi rufin kwanon da ke yoyo, ta dubi hannayenta da sabulu ya cinye, ba ta dubi ko ɗaya cikin 'ya'yanta ba. Eliezer ya ce a'a sau biyu, na biyun bai kai na farko ƙarfi ba.

"Suna ne kawai?" in ji Josue. "Ku ɗauka mana. Ai ba jijiya ba ce, ba sai an yanka ni ba. In ka yi kuɗi, Yaya, sai ka gina mini makaranta ni kaɗai."

Saura masa shekara biyu ya gama sakandare.

Unguwa duka ta shiga koyon sababbin sunaye. Mai shago ya koya, yara suka mayar da abin waƙa, wata tsohuwa mai sayar da soyayyar ayaba ta kasa, har aka roƙe ta in baƙo ya zo ta yi kamar ba ta ji. Wakilin arewa ya ga mil casa'in da biyu, ya ga tabon, aka ce masa tun yaron yana sha huɗu aka yi aikin, bai tsawaita tambaya ba. Ranar biyu ga Yulin 2001 Eliezer ya rubuta Josue Gumbs a ƙasan takarda. Ya rubuta shi sumul, domin ƙanen ya kwana uku yana koya masa yadda yake lanƙwasa harafin farko.

A watan Agusta mai bincike ya zo, saurayi mai farar riga da jaka. An gaya masa akwai wani tsoho a coci da ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, in ya ce haka ne to haka ne. Don Teofilo ya buɗe masa littafin baftisma, ya nuna masa layin da shi da kansa ya rubuta a 1985: Josue, ɗan Ramonita. Saurayin ya kwafa. Sannan ya ciro hoto ya ajiye a kan shafin.

"Wannan shi ne yaron, Don?"

Hoton Eliezer ne da hular ƙungiya. Tsohon ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya tuna yaron zaune a kan bokiti, da yadda ya ɗauki robar nan bai yi musu ba.

"Shi ne," ya ce.

Lahadi huɗu a jere bai matsa gaban bagadi karɓar jibin Ubangiji ba. Fada ya tambaye shi, ya ce cikinsa ne ba daɗi, ya zama ƙarya ta biyu.

Kakar wasa biyu Eliezer ya yi a sansanin ƙungiyar, yana jifa kamar ba a taɓa taɓa hannun da wuƙa ba. Aka sauya wa Doña Ramonita rufi, ta daina wankin mutane. Duk hutun da ya zo sai ya miƙa wa tsohon hannu ya duba, kamar mai kawo kayan aro a gani ko sun lalace. Ƙarshen 2003 aka gaya masa a shirya, a Maris za a haye da shi Amurka.

Josue kuwa yana lodin rake a taragon jirgi. Ya yi baƙi, kafaɗunsa sun buɗe, ya daina karanta jarida. In an kira Eliezer yakan ɗan jinkirta kafin ya waiwaya. Ya zauna da wata yarinya mai suna Yudelka, a Janairun 2004 ta haifi 'ya mace.

Wata Laraba da hantsi 'yan'uwan biyu suka zo coci a sa ranar baftisma, domin Eliezer ne zai tsaya wa jaririyar a matsayin uban baftisma kafin ya tafi. Shi ya rungumo ta. Don Teofilo ya buɗe littafi, ya rubuta kwanan wata, ya rubuta Milagros, ya rubuta sunan uwa.

"Sunan uba?"

Ya yi tambayar ne don shekara da shekaru haka yake yi, sai da ta fita bakinsa ya ji nauyinta.

"Rubuta Eliezer, Don," in ji Josue. "Haka zan kai ofishin rajista ma, ai takardarsa ce a hannuna." Ya daki kafaɗar wansa yana dariya. "Ka ga ka samu 'ya a ɓagas, Yaya. Ba ka sayi madara ba, ba ta yi maka fitsari a cinya ba. In ta girma ta tambaya, sai in ce mata ni kawunta ne mai kirki."

Babu wanda ya taya shi dariyar. Alƙalamin yana tsaye a kan takarda har tawada ta fara taruwa a bakinsa. Don Teofilo ya ɗaga shi ya rufe.

"Fada ba ya nan wannan watan. Ku dawo."

Eliezer yana ta kallon fuskar jaririyar, wadda ta kama babban yatsansa na dama ta riƙe.

Ranar tara ga Maris, ranar da ya kamata a ce yana cikin jirgi, ya sauka daga motar haya da jakarsa, hannun dama a rataye cikin ƙyalle. "Hannu ne, Mamá," ya ce. "Ya sake tashi. Sun sallame ni." Doña Ramonita ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka.

Don Teofilo ya zo da man kwakwa a aljihu, aka ce masa yana barci. Ya dawo washegari, aka ce ya fita. Eliezer ya karɓi babur wajen wani yana acaɓa a bakin kasuwa, in ya hango farar hular tsohon daga nesa sai ya tayar ya zagaya ta bayan rumfuna. A unguwa magana ta bazu. Wata goma sha takwas na bokitin shinkafa da robar keke, ga inda aka ƙare. Chepe yana faɗa a shagon aski cewa da an bar masa yaron a Nuwamban nan, da ko ba komai an sayar da hannun kafin ya ruɓe. Tsohon ya ciro takardar nan mai shafi huɗu, wadda ta yi laushi kamar tsumma, yana bin ta layi-layi da yatsa yana neman inda ya yi kuskure. Bai samu ba, kuma rashin samun ya fi damunsa. Ya yi ƙarya a cikin ɗakin Allah saboda hannun da bai ma riƙe ba, yaron kuma ko kallonsa ba ya son yi. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

A tsakiyar Yuni Josue ya shigo coci da ambulan. Ya zaro takardar haihuwa da sabon katin shaida mai hotonsa, ya ajiye su a kan tebur yana murmushin da aka daɗe ba a gani ba.

"Rubuta Josue, Don. Yaya ya ce tunda hannu ya mutu, me zai yi da sunan? Wata uku muna yawon ofisoshi, ya sha zagi kamar ɓarawon kaza, har kwana biyu suka tsare shi. Amma ga shi. A Satumba zan koma makarantar yamma."

Aka yi baftismar ranar Lahadi. Eliezer ba shi da hanyar guduwa, dole ya tsaya a gaban kwanon ruwa. Don Teofilo yana gefe riƙe da tawul. Ya ga yadda Eliezer ya karɓi yarinyar, wadda ta yi ɓulɓul a wata biyar, da hannun dama shi kaɗai, ya ɗaga ta sama don Fada ya kai ga goshinta, gwiwar ta miƙe sarai, fuskarsa ba ta ko motsa ba.

Da aka fito mutane suka nufi gida cin abinci, tsohon ya tare Eliezer a gindin katanga inda ya jingina babur. Bai nemi izini ba. Ya kama hannun, ya tura hannun riga sama, ya danna babban yatsa a kan tabon, ya lanƙwasa, ya murɗa waje yadda likita ya koya masa. Ya sake yi. Jijiyar tana nan daram kamar igiyar jirgin ruwa.

Ya daɗe bai saki ba.

"Me ka gaya musu a sansanin?"

"Sunana, Don. Da shekaruna."

"Suka ce me?"

"Babbansu ya ce in rufe ƙofa in sake tunani, shi bai ji komai ba. Na sake faɗa masa da ƙofar a buɗe." Ya ɗan yi dariya. "An dakatar da ni shekara ɗaya. In ta cika ina da ashirin da uku. Ka san sauran."

"A lokacin saura kwana nawa jirgin ya tashi?"

"Shida."

Tsohon ya jingina da katanga.

"Kai sau ɗaya ka yi ƙarya saboda ni, ka kusa mutuwa," in ji Eliezer. "Shi kullum yake yi, duk sanda aka kira shi. Yanzu kuma har da 'yarsa. Na ci masa shekara uku, Don, ba ni da inda zan samo masa su. Sunan dai yana hannuna." Ya sauke hannun rigarsa ya ɓalle maɓalli. "Kada Mamá ta ji. In ta san saboda yarinyar nan ne, ba za ta taɓa ɗaukarta da zuciya ɗaya ba. Shi ma kada ya ji, ka san halinsa, sai ya ce zai mayar mini."

"Shi ya sa kake gudu na."

"Na san da ka taɓa za ka gane. Mutane suna cewa aikinka ne bai yi ba, ina ji ina shiru. Wannan ne ban san yadda zan roƙe ka ba."

Don Teofilo ya ciro hankici ya share fuska, ya ninke shi huɗu ya mayar aljihu.

"Bar su su faɗa," ya ce.

Daga can bakin hanya Josue ya ɗaga 'yarsa sama yana ƙwala kira. "Eliezer! Kai da Don sai abinci ya huce? Ko hannun ne ya hana ka tafiya?"

Eliezer ya waiwaya tun kiran bai ƙare ba. Ya tayar da babur, ya matsa gaba ya bar wa tsohon wuri.

Doña Ramonita ta rasu a 2011 tana cewa hannu ne ya ci amanar ɗanta. Josue ya gama makarantar yamma. Bai zama injiniya ba, yana koyar da lissafi a firamare, kuma in hira ta kawo yakan ce da gwiwar hannun wansa ta riƙe, da yanzu duniya ta san shi. Eliezer yana nan a bakin kasuwa da babur ɗinsa. In ya ji ana wannan maganar sai ya shafa tabon, ya ce haka Allah ya so, ya tambayi fasinja ina za a kai shi.